Zafi Na Cinye Jarin Masu Burkina Da Lamurje A Nima, Ko Dabarar Masu Giyar Turai Za Ta Yi Magani?

Duk baƙon da ya sauka birnin Akra na ƙasar Gana, wanda iyayenmu fatake suka fi sani da Ankara, ya kuma shiga unguwar Nima ko Maamobi da tsakar rana, da wuya ya fita bai ga ana sayar da wani abin sha mai sanyi ba, wanda maƙwabtanmu mutanen kudu suka laƙaba wa wani suna na Turanci da ke nufin giyar Hausawa. Kada gaban mai karatu ya faɗi, domin kuwa lamurje ne, wato jiƙaƙƙiyar shinkafa ko gero da aka markaɗa da citta da kanumfari, aka tace, aka zuba tsamiya ko lemon tsami da sukari. Malami na sha, ɗalibi na sha, kuma da shi gidaje da yawa ke buɗe baki a watan azumi.

Sai dai kuma a cikin wannan suna na tsokana akwai 'yar gaskiyar da duk mai sana'ar ta sani, ko da ba za ta faɗa a bainar jama'a ba. Idan gorar lamurje ta kwana biyu a cikin zafi, za ka tarar ta kumbura ta yi tauri kamar ganga, kana murɗa murfin ta yi huci, kumfa ya taso, ƙamshin citta ya koma wani wari na daban. Haka sobolo yake yi, wanda a Najeriya ake kira zoɓo, haka kunun zaƙi, haka nan burkina, wato nonon nan mai ɗauke da ƙwayoyin dafaffen gero da ya shigo mana daga ƙasar Burkina Faso ya ɗauki sunanta. Abin da ya faru a cikin gorar shi ne ainihin abin da mai dafa giya ke nema da gangan. Shi a wurinsa riba ce, ita kuwa baiwar Allah sai dai ta juye a kwata ta ƙirga asara.

Masana sun ce wasu ƙananan halittu ne iri biyu da ido ba ya gani ke wannan aiki. Na farko su ne ƙwayoyin da ke cin zaƙin da ke cikin madara ko ƙullun gero su mayar da shi tsami, kuma su ne abokan sana'armu, domin ba don su ba da babu nono, babu kindirmo, babu tsamin koko. Na biyu shi ne yis, irin wanda masu biredi ke sa wa a kwaɓi, wanda kuma akwai danginsa a iska, a jikin hatsi, a jikin ƙwarya da robar da ba a wanke da kyau ba. Shi yis idan ya ci sukari abu biyu yake fitarwa tare, iskar da ke kumbura gora da kuma sinadarin da ke sa maye. Tsami ba ya hana shi aiki, abin da ke kwantar da shi kawai sanyi ne ko tafasa. Dukansu biyun kuwa suna son ɗumi, kuma birnin Akra, inda zafin rana kan kai digiri 32 a ma'aunin Salshiyos cikin watannin Fabrairu da Maris, da dare ma ba ya sauka ƙasa da 24 sosai, tamkar ɗakin da aka gina musu ne. A shekarun 2024 da 2025 azumi ya faɗo daidai cikin Maris, lokacin da ciniki ya fi yawa kuma kaya ya fi saurin lalacewa.

Mukan samu masu kiran waya a shirye-shiryenmu na rediyo suna tambayar hukuncin abin shan da ya soma kumfa. Hukunci na malamai ne, amma su da kansu sukan ambaci abin da ya zo a littattafan hadisi game da ruwan da ake jiƙa dabino ko zabibi a ciki, wanda Manzon Allah (SAW) yake sha, ba a kuma barinsa ya wuce yammacin rana ta uku. Ke nan tun tuni an san cewa lokaci da zafi su ke canja abin sha daga wani hali zuwa wani.

Wanda ke son ya ga iyakar da ke tsakanin kunu da giya da idonsa, ba sai ya je Turai ba. A unguwannin Akra da 'yan arewa suka taru, akwai matan Dagaba da na Farafara da ba Musulmi ba, waɗanda suka gaji dafa fito, ɗan'uwan burkutun da aka sani a Najeriya da Nijar. Sukan jiƙa dawa, su bar ta ta yi tsiro na 'yan kwanaki, su shanya, su niƙa, su dafa, su bar ruwan ya kwana ya yi tsami, sannan su sake tafasa shi. Har zuwa wannan mataki ruwan zaƙi ne mai ɗan tsami da ba ya bugarwa. Sai ya huce sun zuba yis ɗin da suka ajiye daga dahuwar baya, ya kwana yana kumfa, sannan ya zama fito. Su ma kukansu ɗaya ne da na masu burkina, domin aikin yis ba ya tsayawa, fiton da bai ƙare cikin kwana ɗaya ko biyu ba tsami zai yi ya tashi daga aiki. Ba hanyarmu ba ce, ba kuma talla muke yi musu ba, amma rana ɗaya ke dukan tukunyarsu da gorarmu.

Turawa masu dafa giya sun daɗe da fama da wannan matsala, kuma faman nasu ne ya haifar da wasu abubuwan da muke amfani da su yau. A yankin Bavariya na ƙasar Jamus, tun a 1553 hukuma ta hana dafa giya daga ƙarshen Afrilu zuwa ƙarshen Satumba, saboda wadda aka dafa cikin zafi lalacewa take yi. Sai su riƙa yanko ƙanƙara daga tafkuna da hunturu suna jibgewa a ramukan ƙarƙashin ƙasa. Bafaranshen nan Louis Pasteur ya nuna a 1857 cewa halittu masu rai ne ke kawo tsami, a 1876 kuma ya fitar da littafi sukutum a kan cututtukan giya. Injiniya Carl von Linde ya haɗa injin sanyinsa na farko ne a 1873 domin kamfanin giya na Spaten da ke birnin Munik, a 1883 kuma Emil Christian Hansen na kamfanin Carlsberg a Danmak ya iya ware irin yis guda ɗaya tsantsa. A taƙaice, firizar da Hajiya ke sanyaya ruwan buɗe baki a ciki tana da dangantaka ta kusa da gidan giya, ko mun so ko mun ƙi.

Bayan manyan kamfanoni sai abin ya sauko gidaje. Ingila ta janye sharaɗin lasisi ga mai dafa giyar shansa a gida a 1963, a Amurka kuma Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a kan irin wannan doka a 1978. Daga nan aka samu ɗimbin mutane da suka mayar da abin sha'awa, kuma nan da nan suka gane cewa ko sun sayi kayan haɗi mafi tsada, idan zafi ya sauya, ɗanɗano ya sauya. Wani irin yis ɗinsu yana son digiri 18 zuwa 22, wani kuma 7 zuwa 13, sannan ita kanta tukunyar tana ƙara ɗumi da kanta idan aiki ya kankama. To ɗan ma'aunin da ke cikin firiji na gida ba a yi shi don ya tsaya a 18 ba. Sai suka ɓullo da dabarar da ta sa muka yi wannan rubutu.

Dabarar ba ta da wani sarƙaƙiya. Akwai wata 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba, mai allon lamba a gaba da wata siririyar waya mai kan ƙarfe ko roba da ke jin zafi. Wadda ta fi yaɗuwa ita ce STC-1000 da ake ƙerawa a ƙasar Sin, akwai kuma ta kamfanin Inkbird da ke zuwa da soket biyu a haɗe. Maimakon a jona firiji a bango kai tsaye, sai a bi da wutarsa ta cikin na'urar. A manna kan wayar a jikin tukunya ko robar da ke cikin firijin, a rufe shi da ɗan soso don ya ji zafin kayan maimakon na iska, sannan a danna lambar da ake so. Idan zafi ya haura lambar, na'ura ta ba firiji wuta. Idan ya sauka ƙasa, ta yanke, ta kuma kunna wani ɗan abin ɗumama da aka ajiye a ciki. Haka za ta yi ta yi dare da rana, mai kaya yana barcinsa. Da yawa daga cikin 'yan kasuwarmu sun taɓa riƙe wannan na'ura a hannu ba tare da sun san labarinta ba, domin ita ce matasa masu haɗa akwatin ƙyanƙyasar ƙwai ke saye su tsayar a digiri 37 da rabi.

To ina ruwan Nima da wannan? Ruwanta shi ne madara. Tarihin unguwar ma da shanu ya faro, domin a farkon shekarun 1930 ne Malam Amadu Futa, Bafulatani mai fataucin shanu, ya samu filin daga hannun mutanen Osu ya zauna da jama'arsa. Yau babu wurin ɗaure ko akuya, madarar shanu daga rugagen bayan gari take zuwa, da yawan masu burkina kuwa sun koma madarar gari ta buhu da ake shigowa da ita daga waje. Ko wace iri ce, mai burkina tana buƙatar abu biyu masu karo da juna a rana guda: ɗumi don nono ya yi barci, sannan sanyi mai ƙarfi don tsamin ya tsaya inda take so. Yawancin asarar da muke gani a tsakanin waɗannan biyun take faruwa.

Mu ɗauki ɗumin tukuna, domin nan ne mutane suka fi yin sakaci. Mace za ta dama madara, ta zuba ɗan yogot na kanti ko ragowar nonon jiya a matsayin iri, ta rufe, ta naɗe da bargo ta tura lungu. Irin yogot na kanti digiri 42 zuwa 43 yake so, kuma a wannan zafi cikin awa 4 zuwa 6 ya gama aiki. A ɗakin da ke digiri 29 ko 30 kuwa sai ya ja lokaci mai tsawo, wani lokaci ya kwana bai kama ba. Waɗannan awoyin da madara ke zaune da ɗumi ba ta riga ta yi tsami ba, su ne masu haɗari, domin tsamin shi ne katangar da ke hana ƙwayoyin gudawa da amai yaɗuwa, kuma wasu daga cikinsu na iya ninka yawansu cikin minti 20 idan sun samu yanayi. Tsere ake yi tsakanin irin da aka zuba da baƙin da suka shigo ta hannu ko ludayi, kuma zafi shi ke yanke wanda zai riga. Shi ya sa za ka ga haɗi ɗaya, hannu ɗaya, buhun madara ɗaya, amma na Litinin ya yi kauri da garɗi, na Alhamis ya tsinke ya yi yauƙi. Sai a ce baki ne ko ido, alhali dare ne ya yi sanyi ko ruwan damawa ya huce da yawa.

'Yan'uwanmu na kasuwannin iyaka da ke arewa, irin su Paga da Bawku da Sinkase, har zuwa Jibiya da Illela da Ɗan Isa, nasu ya fi namu tsanani ta wannan fuska. A can hunturu kan sauko da zafin dare ƙasa da digiri 15, nono ya ƙi barci sam, bazara kuma ta haura 40, kindirmon safe ya zama tsala kafin la'asar. Mu a bakin teku zafin bai cika sauyawa ba, sai dai ba ya ɗaga mana ƙafa ko wata guda.

Akwatin ɗumi na masu giyar gida zai iya wannan aiki ba tare da an canja komai ba sai lamba. Gawar firijin da injinsa ya mutu, irin waɗanda ke jibge a bakin shagunan masu gyara, ta isa, muddin robar ƙofarta na kamawa. A sa abin ɗumama a ƙasa, a tsayar da na'ura a 42, a jera robobin madara a sama. Amma kafin nan dole a dafa madarar shanu ta kai digiri 85 a riƙe ta kamar rabin awa, ta garin kuma a dama ta da ruwan da aka tafasa, a bari ta huce zuwa 43 kafin a zuba iri, domin idan da zafi sosai irin mutuwa zai yi. Wadda ba ta da halin sayen na'ura ma ba ta rasa hanya ba. Kular zuba abinci ko ta ƙanƙara, da gorunan ruwan zafi biyu a gefe, da ma'aunin zafi irin na masu girki, za su riƙe mata ɗumin na awoyin da ake buƙata. A ganinmu ma wannan ma'aunin shi ya kamata a fara saye kafin kowace na'ura, domin yatsan da ake tsomawa a ji ɗumi yana yin ƙarya, yana kuma kai datti.

Ɓangaren sanyi shi ya fi cin kuɗi. Hukumar Lafiya ta Duniya na ba da shawarar a ajiye abinci mai saurin lalacewa ƙasa da digiri 5. Abin da yawancin masu sana'ar suka mallaka kuwa firiza ce mai buɗewa ta sama, wadda aikinta daskararwa ne. Lamurje da sobolo ba su damu ba, masu saye ma sun fi son su ji ƙanƙara a ciki. Amma burkina idan ta daskare ta narke, nonon rabuwa yake yi, ruwa a sama gudaji a ƙasa, geron ya yi lugub. Don haka sai ka ga mace tana kunna firiza tana kashewa da hannu, ta manta da dare ta tashi ta tarar da dutse, ko ta kashe ta tafi suna ta dawo ta tarar da goruna sun kumbura. Idan aka bi da wutar firizar ta cikin na'urar aka tsayar a digiri 3 ko 4, ta zama firiji mai riƙe sanyi fiye da na tsaye, saboda iska mai sanyi nauyi gare ta, ba ta zubewa idan an ɗaga murfi daga sama. Injin ma ba ya yawan tashi, mita mai kati ta ɗan sarara, wanda ba ƙaramin abu ba ne a gidan haya mai ɗaki goma da mita ɗaya, inda mai firiza ce ake fara nunawa da yatsa duk ran da kati ya ƙare.

Lissafin a fili yake ga ɗan kasuwa. A ce ribar mai burkina kashi ɗaya cikin biyar ce na kuɗin gora. Idan ta haɗa gora 100, guda 20 suka lalace, ranar ta yi aikin banza, ta tashi da asuba ta wanke ta dafa ta tura yara talla don ta mayar da uwar kuɗi kawai. Idan 30 ne, jari ya fara zaizayewa. Wanda ya tuna Disambar 2022, lokacin da hauhawar farashi a Gana ta wuce kashi 54 cikin 100 bayan sidi ya faɗi warwas, ya san yadda buhun madara da na sukari suka fi ƙarfin mata da yawa. Ga kuma jarabawar da ke biyo baya, wato a ƙara sukari a kan wanda ya fara juyawa a tura kasuwa. Wannan ƙarin sukarin abinci ne aka ba yis, kuma mai saye ba ya dawowa sau biyu.

Ba kowace sana'a ce ke buƙatar wannan ɗawainiya ba. Masu kokon Hausa, wanda ya zama karin kumallon Gana baki ɗaya tare da ƙosai, ba mu ga abin da na'ura za ta ƙara musu ba. Ana jiƙa gero ya kwana, a markaɗa da citta da barkono da kanumfari, a tace, gasara ta kwanta na 'yan awoyi ta yi tsami, a tafasa ruwan saman a dama, a sayar da zafinsa kafin hantsi. Wuta ta riga ta yi musu aikin. Haka masu dokunu na Ga da ke barin ƙullun masara kwana biyu ko uku sannan su dafa shi na awoyi. Maganar tamu ta abin da ake sha da sanyi ne, wanda ba ya sake ganin wuta bayan an ɗura shi.

Sai babbar tambaya, wutar lantarki. Mutanen Gana ba su manta da dumso ba, wato ɗauke wutar da ta faro a 2012 bayan wani jirgin ruwa ya lalata bututun iskar gas na Afirka ta Yamma a gaɓar Togo, ta kai maƙura a 2015 lokacin da unguwanni ke yin awa 24 a duhu su samu 12 da haske. An sake ɗanɗana irinta a 2024. Na'ura ba ta haifar da wuta, kuma a nan dabarar tana da rauni da ya kamata a faɗa: firizar da aka tsayar a digiri 4 ba ta da ajiyar ƙanƙara, don haka za ta riga wadda ta daskare yin ɗumi idan wuta ta tafi. Maganin da ake yi shi ne a cika duk wani gurbi da gorunan ruwa, a kuma tanadi daskararrun goruna daga wata firizar a jefa ciki, a daina buɗewa barkatai. Kamfanin Fan Milk, wanda aka kafa a Gana tun 1960, da akwati mai riƙe sanyi a kan keke ya kai kayansa lungu da saƙo, ba da firiji a kowane kwana ba.

Wani zai ce ina tukunya cikin tukunya, wadda malamin nan na Jigawa Mohammed Bah Abba ya yaɗa har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000? Tana aiki ne idan ruwan da ke cikin yashi yana bushewa, don haka ta dace da Maraɗi da Katsina da Bawku lokacin rani. A Akra iska cike take da danshin teku, ruwan ba ya tafiya, sanyin ba ya samuwa. Ko a arewar ma tumatir da alayyafo take taimaka wa, ba ta kai sanyin da nono ke buƙata ya yi kwanaki.

Akwai kuma abubuwa biyu da babu na'urar da za ta gyara. Na farko ruwa da ƙanƙara. A 2014 kwalara ta kama mutum sama da 28,000 a Gana, ta kashe fiye da 240, mafi yawa a Akra da kewaye, kuma sanyi ba ya kashe ƙwayar cutar da ta riga ta shiga gora, ajiye ta kawai yake yi. Gorunan da ake tsintowa a sake amfani da su ma magana ce mai zaman kanta. Na biyun kuma ya shafi masu karatunmu kai tsaye. A 2022 masu bincike na cibiyar Noguchi da ke Jami'ar Gana a Legon sun bayyana cewa wasu samfuran burkina da suka saya a Nima da Ashaiman na ɗauke da gubar afulatoksin fiye da ƙima, labarin da ya karaɗe kafafen watsa labarai ya kuma sa mutane da yawa suka yi ɗari-ɗari da burkina. Wannan guba daga funfunar da ke kama hatsi da gyaɗa take fitowa idan an ajiye su da danshi, tana cin hanta a hankali, tafasa ba ta kashe ta, kuma saniyar da ta ci dusa mai funfuna tana fitar da ita a madara.

Geron da ake saukewa a kasuwar Nima, wadda aka fi sani da Kasuwar Mamudu kuma take cika maƙil ran Laraba, ba a Akra aka noma shi ba. Daga arewa yake zuwa, ta hannun mai saye a ƙauye da dillali da mai tirela. Sabon geron da aka ɗura a buhu bai gama bushewa ba, aka lulluɓe da tampol ya yi kwanaki a hanya, ya zo ya zauna a sito mai danshi a bakin teku, shi ne wanda matar Maamobi za ta wanke ta turara ba ta san abin da ke ciki ba. Akwai gwaji mai sauƙi da malaman gona ke koyarwa: a samu busasshiyar kwalba, a zuba hatsin da busasshen gishiri, a rufe a girgiza, a bari na ɗan lokaci. Idan gishirin ya manne a jikin kwalba, hatsin bai isa shiga buhu ba. Buhun nan mai leda biyu a ciki da aka fara yaɗawa don wake a 2007 yana taimakawa, amma da sharaɗin abin da aka zuba ya bushe tun farko. Ita ma Hukumar Kula da Abinci da Magunguna ta Gana ta fito a 2020 da tsarin ba ƙananan masu sarrafa abinci lasisi mataki-mataki, wanda ya buɗe wa mai burkinar da ta tsaftace aikinta ƙofar manyan kantuna.

Ga ɗan kasuwar da ya hango ciniki a cikin wannan na'ura, kuma muna ganin akwai shi, ga abubuwan lura. Tana zuwa iri-iri a kwali mai kama ɗaya, akwai ta batir mai ƙarfin 12, akwai ta 110 irin ta Amurka, akwai ta 220, kuma wannan ta ƙarshe ce ta dace da wutar Gana da Togo da Najeriya da Nijar, don haka a duba rubutun bayanta kafin a biya. Yawanci amfiya 10 take ɗauka, wanda ya ishi firiza ɗaya ta gida, amma kada a ɗora mata biyu. Tana da saitin jinkiri na kimanin minti 3 da ke hana kwampireso tashi nan take bayan ya tsaya, kuma wanda ya cire shi zai ƙona wa mai kaya inji. Wayoyinta a buɗe suke ta baya, dole mai gyaran wuta ya sa ta a akwati, musamman a wurin da ake wanke-wanke da yara. Hanyar gane ta gari daga jabu kuwa ita ce a tsoma kan wayar a kofin da aka cika da dakakkiyar ƙanƙara da ɗan ruwa, idan lamba ta tsaya kusa da sifiri to tana faɗin gaskiya.

Abin da bai kamata a ɗoro a mota ba shi ne tsohon firiji. Gana ta haramta shigowa da firiji da firizar da aka yi amfani da su, haramcin ya fara aiki daga Janairun 2013, kuma wanda aka kama da su a Aflao ko tashar ruwa ta Tema ƙwacewa ake yi. Dokar 2008 da ta kawo wannan hani ita ce kuma ta hana shigo da ƙwan lantarki mai zare, bayan gwamnati ta raba miliyan shida na masu cin wuta kaɗan a 2007. Wannan tsohon ƙwan shi ne masu haɗa akwatin ɗumi a wasu ƙasashe ke sakawa don zafinsa, na zamani kuwa haske kawai yake bayarwa, ba zai kai madara digiri 42 ba. Mai haɗa akwati a Akra sai dai ya nemi wayar ɗumama irin ta injin ƙyanƙyasa, a shagunan da ke sayar da kayan kiwon kaji.